Yadda Ake Ƙarfafa Tsokokin Ciki da Ƙugu a Cikin Gida

Ciwon baya yana cikin abubuwan da mutanen birnin Kano suka fi kuka da su, kuma babu sana'ar da ya ƙyale. Direban adaidaita sahu da yake wuni a zaune yana shan gargada, da telan da yake duƙe a kan keke tun hantsi har Magariba, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da ba ya tashi daga kan benci sai an kira salla, da uwargidan da take shara da gajeriyar tsintsiya ga goyo a bayanta, duk maganarsu ɗaya ce, wato ƙugu ya riƙe. Da yawa sukan ɗora laifin a kan basir ko sanyi, su sayi jiƙo su yi ta sha, ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, tana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 zuwa 2050. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo, ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi. Irin wannan ciwo ne motsa jiki yake yi wa amfani, kuma ƙarfafa tsokokin da suka kewaye ciki da ƙugu yana cikin hanyoyin da ba sa buƙatar kuɗi, ko na'ura, ko fita daga gida.

Tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu, ƙasusuwa 5 ne kacal na gadon baya suke ɗauke da nauyin ƙirji da kai da hannuwa, da duk abin da hannuwan suka ɗauka. A ƙirji haƙarƙari yana tallafa wa ƙashin baya, amma a wannan wuri babu wani ƙashi a gaba ko a gefe, tsoka ce zalla. A gaba akwai doguwar tsoka da ta taso daga ƙasan ƙirji zuwa mara, wadda ake ganin ta yanka-yanka a jikin 'yan dambe da 'yan kokawa. A kwiɓi akwai wasu hawa biyu da suka gitta juna, su ne suke juya gangar jiki, su ne kuma suke hana ta juyawa in ba a so ba. A ƙarƙashinsu akwai wata shimfiɗaɗɗiya da ta zagaye ciki daga baya zuwa gaba, kamar ɗamarar da ɗan dako yake ɗaurawa kafin ya sunkuci buhu. Sai tsokokin da suke bin ƙashin baya, dogaye da gajeru, da tsokar numfashi da ta rufe cikin daga sama, da tsokokin ƙasan mara da suke tallafe da mafitsara da hanji da mahaifa. Idan dukkansu suka ɗaure a lokaci guda, matsi yakan ƙaru a cikin ciki, ƙashin baya kuma ya tsaya cak.

Mafi yawan aikin da waɗannan tsokoki suke yi a wuni guda shi ne hana ƙugu motsi. Wanda ya ɗauki jarka mai lita 25 da hannun dama, nauyin kusan kilo 25 ne yake jan sa gefe guda, kuma tsokokin kwiɓin hagu ne suke hana shi karkacewa. Wadda ta sunkuya za ta sauke tukunya daga murhu, tsokokin baya da na ciki ne suke riƙe ƙashin bayanta kada ya lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin. Ke nan abin da ake nema daga gare su juriya ce ta tsawon lokaci, domin ciwon yakan zo ne bayan sun gaji sun saki, a ƙarshen wanki ko a buhu na goma. Wannan ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan atisayen da samari suka fi sani, wato a kwanta rigingine, wani ya danne ƙafa, a yi ta tashi zaune ana komawa har sau hamsin ko ɗari. Farfesa Stuart McGill, wanda ya daɗe yana nazarin ƙashin baya a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, ya auna matsin da wannan tashi yake ɗora wa ƙasan baya, ya tarar ya haura nauyin kilo 300 a kowane tashi, kuma matsin yana zuwa ne daidai lokacin da bayan yake a lanƙwashe. Saurayi mai lafiyar baya zai iya yi ya kwana lafiya, amma ga wanda ƙugunsa ya riga ya fara magana, neman ƙari ne.

Amfanin da za a gani, idan an dage, ya haɗa da raguwar riƙewar ƙugu bayan doguwar zama, da sauƙin ɗaga kaya, da sauƙin miƙewa daga sujada ko daga kan tabarma ba tare da dafa bango ba. Ga dattawa, ƙarfin tsakiyar jiki yana taimakawa wajen tsayuwa daidai idan an yi tuntuɓe ko santsi ya kwashi ƙafa a lokacin damina. Abu ɗaya da wannan atisaye ba zai yi ba shi ne narkar da tumbi. Jiki ba ya ƙona kitsen wuri don an motsa tsokar da ke ƙarƙashinsa, daga ko'ina yake ɗiba. Mai son teɓa ta sauka sai ya duba yawan shinkafa da tuwo da lemon kwalba da shayi mai sukari da yake sha, ya kuma yawaita tafiyar ƙasa. Mutum zai iya samun ƙaƙƙarfar tsoka a ƙarƙashin ƙaton ciki, kuma bayansa zai amfana ko da rigarsa ba ta nuna wani canji ba.

Shiri da lokaci

Wurin da ake buƙata bai wuce tsawon mutum a kwance ba, don haka tsakar gida, ko falo, ko ƙuryar ɗaki duk sun isa. A shimfiɗa tabarma, a ɗora darduma mai kauri ko bargo a kai saboda gwiwa da gwiwar hannu. Katifa ba ta dace ba, domin tana lotsawa, mutum ba zai san ko bayansa a miƙe yake ba.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai faifan guringuntsi, kuma waɗannan faya-fayai suna tsotsar ruwa su kumbura yayin da mutum yake kwance da dare, shi ya sa kowa ya fi tsawo da 'yar tazara da safe fiye da yamma. A sa'ar farko bayan tashi daga barci, lanƙwasa baya da ƙarfi ya fi takura su. Wanda ya fi son safiya sai ya bari ya dawo daga masallaci, ya ɗan taka, gari ya waye, sannan ya fara. Bayan La'asar ma lokaci ne mai kyau, sai dai a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yakan haura digiri 40, gara a bari rana ta yi sanyi, a kuma ajiye ruwan sha a kusa. Bayan cin abinci mai nauyi a dakata kamar sa'a 2. A watan azumi, bayan tarawihi ya fi sauƙi ga yawancin mutane. Kafin a kwanta ƙasa, a yi minti 5 ana zagaya tsakar gida ko ana taka ƙafa a wuri ɗaya domin jiki ya yi ɗumi, musamman da hunturu.

Kafin kowane atisaye akwai abu ɗaya da sai an koya, kuma duk sauran a kansa suka dogara. A kwanta rigingine, a tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, a sa yatsu a kwiɓi ta gefen cibiya a ɗan danna. Sai a ɗaure ciki kamar wanda yaro zai faɗo masa a kai, har a ji tsokar ta turo yatsun. Ba zuƙe ciki ake so ba, ba kuma tura shi waje ba, taurara shi ake yi ta kowane gefe, da matsakaicin ƙarfi. Abin da yake ba mutane wuya shi ne ci gaba da numfashi alhali cikin yana ɗaure. A gwada ƙirga ɗaya zuwa goma da murya, idan muryar ta fita daidai to numfashin yana tafiya. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, saboda haka mai hawan jini ya kula da wannan fiye da kowa.

Atisayen kansu

Guda uku na farko su ne McGill ya shahara da koyar da su, domin suna sa tsoka aiki sosai alhali ƙashin baya bai lanƙwashe ba.

Na farko na gaban ciki ne. Ana rigingine, a tanƙwashe gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a bar ta a miƙe, a cusa tafukan hannu a ƙarƙashin lotsawar ƙasan baya. A ɗaure ciki, sannan a ɗaga kai da kafaɗu tare, ɗagawa kaɗan, gwargwadon yadda takarda za ta wuce ta ƙarƙashinsu. Kada haɓa ta taɓa ƙirji, kada kuma bayan ya danne hannuwan. A tsaya sakan 10, a sauka a hankali. Idan wuya ne yake gajiya kafin ciki, to an ɗaga da yawa, ko kuma kai kaɗai aka ɗaga aka bar kafaɗu. Bayan an yi rabin adadin, a sauya ƙafar da aka tanƙwashe.

Na biyu na kwiɓi ne, kuma a ganina shi ne mafi amfani ga masu ɗaukar kaya da hannu ɗaya ko saɓa yaro a gefe. A kwanta a kan gefe, a tokare da gwiwar hannu, ta zama daidai ƙarƙashin kafaɗa, a tanƙwashe gwiwoyi ƙafafu su koma baya. Sai a ɗaga ƙugu daga ƙasa har jiki ya miƙe sambal daga kafaɗa zuwa gwiwa, ɗaya hannun a ɗora shi a ƙugu. Kurakurai biyu ne suke yawan faruwa a nan, wato barin mazaunai su koma baya, da barin kafaɗa ta nutse har ta kusa taɓa kunne. A tura ƙugu gaba, a kuma tura ƙasa da gwiwar hannu. A tsaya sakan 10, a sauka, in an gama a juya ɗaya gefen. Kusan kowa zai tarar gefe ɗaya ya fi rauni, kuma ba laifi a ƙara wa mai raunin sau ɗaya ko biyu. Bayan makonni, idan ya zama da sauƙi, a miƙe ƙafafu, nauyin ya koma kan gwiwar hannu da gefen tafin ƙafa.

Na uku na baya ne. A durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu a ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa a ƙarƙashin ƙugu, ido yana kallon tabarma. A ɗaure ciki, a miƙa hannun dama gaba, a miƙa ƙafar hagu baya, duka biyun su tsaya daidai da gangar jiki. Ba a son ƙafar ta wuce tsayin mazaunai, domin da zarar ta wuce sai ƙasan baya ya lotsa, a nan kuma ake jin tsini. Abin da ya fi shi ne a tura dunduniya baya kamar za a taɓa bango da ita. Don a gane ko ƙugu yana karkacewa, a ɗora littafi a kan ƙasan baya, in ya zame to an karkace. A tsaya sakan 10, a dawo, a sauya zuwa hannun hagu da ƙafar dama. Wanda ya ga yana tangaɗi ya fara da ƙafa kaɗai na mako ɗaya ko biyu.

Game da adadi, hanyar da McGill ya ba da shawara ita ce a riƙa ragewa yayin da gajiya take shigowa, misali a yi sau 5, a huta sakan 20 zuwa 30, a yi sau 3, a huta, a rufe da sau 1. Idan ƙarfi ya ƙaru, a ƙara yawan maimaitawa zuwa 6 da 4 da 2, maimakon a tsawaita tsayuwar. Masu gasar daɗewa a tokare da gwiwar hannu har minti 3 ko 5, sau da yawa tsokarsu takan gaji ta saki tun kafin lokacin ya cika.

Ana iya ƙara wasu biyu bayan mako na biyu ko na uku. Ɗaya shi ne a kwanta rigingine gwiwoyi a tanƙwashe, a matse mazaunai, a ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, a tsaya sakan 5, a sauka, sau 10. Wannan yana tayar da tsokar mazaunai, wadda doguwar zama take kashe wa kuzari, kuma idan ta yi rauni baya ne yake karɓar aikinta. Ɗayan shi ne wanda masu zuwa gidan motsa jiki suke kira filank, wato a kifa ciki, a tokare da gwiwoyin hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, sakan 10 zuwa 20. Mai farawa ya sa gwiwoyinsa a ƙasa. Daga baya kuma jarkar ruwa ta zama kayan aiki, a zuba mata lita 5 zuwa 10, a ɗauka da hannu ɗaya, a yi taku 20 kafaɗu a daidaice ba tare da karkata ba, a sauya hannu.

Duka wannan, ban da minti 5 na ɗumama jiki, kusan minti 15 ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babban mutum ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ya kuma yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Kwana 3 a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, ya wadatar ga mai farawa, kuma galibi akan fara jin bambanci cikin mako 4 zuwa 8. Kada kuma a raina tafiyar ƙasa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2024, ya bi mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, ya tarar waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Masana sun kuma lura cewa a tsawon lokaci, atisayen ciki da ƙugu bai fi sauran nau'o'in motsa jiki nisa ba wajen rage ciwon baya. Fifikonsa shi ne ana yin sa a ɗaki, cikin ƙanƙanin lokaci, kuma mace da ba ta da damar fita filin wasa za ta iya yin sa ba tare da kowa ya gan ta ba.

Minti 15 a kan tabarma ba za su rinjayi sa'a 10 na mugun zama da mugun sunkuyo ba, saboda haka dole ɗaurin cikin da aka koya ya bi mutum zuwa aikinsa. Idan za a ɗaga bokiti ko buhu, a matso kusa da shi, a tura mazaunai baya, a tanƙwashe gwiwa, a ɗaure ciki, sannan a miƙe da ƙarfin cinya, kayan suna manne da jiki. Kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a juya ƙafafu gaba ɗaya. Mai wanki ta ɗora baho a kan turmi ko benci maimakon ta wuni a duƙe, mai shara kuma ta ɗaura wa tsintsiya sanda. Tela da mai shago da ma'aikacin ofis su miƙe duk bayan rabin sa'a ko da na minti ɗaya ne. Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallarsa a kasuwa ba ya maye gurbin tsoka, kuma a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a dogara da irin wannan bel, kada kuma a yi amfani da magungunan kashe zafi masu sa maye, dangin da tiramadol yake ciki.

Mata masu ciki da masu jego suna da nasu hukunci. Ciki yana buɗa doguwar tsokar gaba gida biyu, kuma a wasu matan ba ta haɗewa da wuri bayan haihuwa. Ana iya dubawa a gida: a kwanta rigingine, a ɗan ɗaga kai, a danna yatsu a saman cibiya. Idan ramin ya wuce faɗin yatsu 2, ko cikin yana yin tsini a tsakiya yayin yunƙuri, a bar filank da ɗaga kai tukuna, a tsaya ga ɗaurin ciki mai sauƙi da matse tsokokin ƙasan mara, kamar mai riƙe fitsari, sakan 5, sau 10, sau biyu ko uku a rana, amma ba a lokacin yin fitsarin ba. Wannan matsewar tana taimaka wa mai ɗigar fitsari idan ta yi tari ko atishawa. Yoyon fitsari da ba ya tsayawa dare da rana kuwa wata lalura ce dabam, aikin asibiti ce. Atisaye mai ƙarfi sai bayan arba'in da dubawar likita, wadda aka yi wa tiyata kuma sai likitanta ya ba ta izini. Mai ciki ta tambaya a wurin awo kafin ta fara komai, ta kuma guji daɗewa a rigingine idan cikin ya tsufa.

Gajiya da ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Zafi mai tsini, ko wanda yake sauka ta cinya zuwa ƙafa, alama ce ta a dakata da wannan atisayen. Mai ƙaba ko gwaiwa, da wanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, da mai ciwon zuciya, su ga likita kafin su fara. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin fitsarin, da raunin ƙafa da yake ƙaruwa. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, shi ma sai an bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma har yanzu ana ganin sa a ƙasar nan. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota ko babur. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashin ƙashi, inda za a duba mutum a tsara masa atisayen da ya dace da lalurarsa, kuma wanda ya yi mako 6 yana bin wannan tsari a gida bai ji sauƙi ba, can ya kamata ya nufa.